Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Taimakon Ƙasashen Waje da Sharuɗɗansa a Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya taso daga birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, ya wuce Boɗinga da Shagari har ya iso Tambuwal, ko kuma ya ratse ya nufi Kebbe, ba zai rasa ganin alluna a bakin hanya ba. Wani allon yana gaban ɗakin shan magani, wani yana ƙofar makarantar firamare, wani kuma yana kusa da famfon tuƙa-tuƙa. Waɗansu sababbi ne fil, waɗansu kuwa rana ta cinye fentinsu har rubutun ba ya karantuwa. Amma kusan dukansu magana ɗaya suke yi, wato wannan aiki an yi shi ne da taimakon wata ƙasa ko wata hukuma ta waje.

Abin da allon ba ya faɗa shi ne abin da aka yi alkawari kafin kuɗin su fito. Ana sa hannu a kan wannan alkawari a Abuja ko a Washinton, da Turanci, cikin ɗaki mai sanyi, amma manomin albasa na Dogon Daji da mai jego ta Kuchi su ne suke cika shi, ko sun sani ko ba su sani ba. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutanen ƙaramar hukumar Tambuwal sun kusa 225,000, na Kebbe kuma sun kusa 125,000, galibinsu manoma da makiyaya. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna da 'yan'uwa masu karatu mu bi sawun wannan taimako tun daga shekarun 1970 har zuwa yau, mu ga abin da ya kawo, da abin da ya karɓa.

Ba kowane taimako ne kyauta ba

Da farko dai sai mu bambance abubuwa uku da jama'a kan haɗa su a kira su taimako. Akwai kyauta, wadda ba a biya. Akwai rance mai sauƙi, wanda ruwansa kaɗan ne kuma ana ba da shekaru masu yawa kafin a gama biya. Sannan akwai bashi sosai mai ruwa kamar na kasuwa. Yawancin kuɗin da muke ji a rediyo cewa Bankin Duniya ya ba Nijeriya rance ne, ba kyauta ba. A 2024 Nijeriya ce ta uku a duniya wajen yawan bashin da reshen bankin mai ba da rance mai sauƙi yake bin ta, bayan Bangaladash da Pakistan.

Sharuɗɗan su ma iri-iri ne. Wani sharaɗin na kuɗi ne: sai jiha ta ajiye nata kason kafin mai bayarwa ya saki nasa. Wani na ciniki ne: kaya da ƙwararru sai daga ƙasar mai bayarwa za a ɗauko su, ta yadda wani ɓangare na kuɗin zai koma inda ya fito. Ingila ta daina gindaya irin wannan a 2001, amma dokar Amurka ta daɗe tana cewa rabin abincin agajinta sai a jiragen ruwanta za a yi dakonsa. Wani sharaɗin na manufa ne: ku janye tallafin mai, ku karya darajar kuɗinku. Wani kuma na siyasar mai bayarwa ne, wanda yakan canza duk lokacin da aka yi zaɓe a ƙasarsa. Misali, ƙa'idar da ta hana ba ƙungiyoyin waje masu hulɗa da zubar da ciki kuɗin Amurka, Shugaba Reagan ya kafa ta a 1984, aka soke ta a 1993, aka dawo da ita a 2001, aka soke a 2009, aka dawo da ita a 2017, aka soke a 2021, aka sake dawo da ita a 2025. Ko mene ne ra'ayin mai karatu a kan batun kansa, abin lura shi ne ba mu muke kaɗa ƙuri'ar da take juya wannan ƙa'ida ba.

Yadda inji ya kori jigo

Labarin yankinmu ya faro ne da aikin gona. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya ba da rance aka buɗe shirye-shiryen raya aikin gona guda uku na gwaji a Funtuwa da Gusau da Gombe. Da aka ga kamar abin ya karɓu, sai a 1982 aka faɗaɗa shi ya game tsohuwar Jihar Sakkwato baki ɗaya, wadda a lokacin ta haɗa da Kebbi da Zamfara na yanzu. Rancen da aka ci domin wannan aiki Dala miliyan 147 ne, hukumar da ta gudanar da shi kuma ita ce SARDA. Ta yi hanyoyin karkara, ta haƙa rijiyoyin burtsatse, ta baza malaman gona, aka kuma kafa kamfanin FASCO domin sayar wa manoma taki da iri da maganin feshi.

Abin da ya fi daɗewa a cikin wannan aiki shi ne ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, tare da 'yar rijiyar da ake sokawa a fadama da bututu. Kakanninmu da jigo suke ba da ruwa, mutum ya wuni yana ɗaga guga amma abin da zai shayar bai wuce 'yan fangaloli ba. Da inji ya zo, sai noman rani ya zama sana'a a fadamun Gulbin Zamfara da sauran ƙoramun yankin. Shirin Fadama na farko, wanda ya tashi a farkon shekarun 1990 da rancen Dala miliyan 67.5, ya ɗora a kan wannan, kuma Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da aka fi mai da hankali a kansu. Shirin Fadama na uku, na 2008, mai Dala miliyan 250, ya game jihohi 36 da Abuja. Wanda ya ce wannan taimako bai yi amfani ba, bai ga buhunan albasa da tattasai da shinkafa da ake lodawa daga wannan yanki ba.

Sai dai kowane mataki da nasa sharaɗin. A zamanin SARDA manyan muƙaman gudanarwa da na kuɗi Turawa ƙwararru aka ɗauko suka riƙe, albashinsu kuma daga cikin rancen. A zamanin Fadama an ce sai manoma sun kafa ƙungiya, sun yi rajista, sun buɗe asusun banki, sun kuma kawo nasu kason kafin a ba su inji ko injin niƙa. Wannan ya koya wa mutane haɗin kai, amma kuma ya bar talaka futuk a baya, domin wanda ba shi da abin haɗawa ba ya shiga ƙungiya. Haka kuma duk shekarar da jiha ko ƙaramar hukuma ta yi jinkirin biyan kasonta, aiki yakan tsaya cik. Babban abin da ba a gaya wa manomi ba shi ne, da kuɗin waje aka ci bashin, da kuɗin waje kuma za a biya. Nan gaba kaɗan za mu ga abin da wannan yake nufi.

Shekarun ta da komaɗa

Mu da aka haifa bayan abin ya faru, a bakin iyayenmu muka ji labarin muhawarar 1985. Janar Ibrahim Babangida, da ya hau mulki a watan Agusta na shekarar, ya ce jama'a su faɗi ra'ayinsu ko Nijeriya ta karɓi rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, ko kada ta karɓa. Malamai da 'yan ƙwadago da ɗalibai da 'yan kasuwa suka ce ba sa so, kuma a watan Disamba gwamnati ta ba da sanarwar ta ƙi rancen. Jama'a suka yi murna. Amma a 1986 sai ga shirin ta da komaɗar tattalin arziki, wanda kowa ya sani da SAP, ɗauke da kusan dukan sharuɗɗan da aka gudu. An ƙi rancen IMF, amma Bankin Duniya ya ba da rancen Dala miliyan 452 domin tallafa wa shirin, masu bin Nijeriya bashi kuma suka yarda su ɗaga mata ƙafa.

A 1985 abin da bai kai Naira ɗaya ba yana sayen Dala guda. Da aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a watan Satumba na 1986, Dala ta haura Naira 4, kafin 1993 kuwa ta kai wajen Naira 22. Ke nan bashin da aka ci domin SARDA ya ninka sau da yawa idan aka auna shi da Naira, ba tare da an ƙara haƙa rijiya ko ɗaya ba. Kuɗin inji da kayan gyaransa da magungunan asibiti, da yake duk daga waje suke, suka bi Dala suka hau. Litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi a 1986, ta kai kwabo 70 a 1991, ta zama Naira 11 a 1994. A watannin Mayu da Yuni na 1989 tarzomar ƙin jinin SAP ta ɓarke a manyan birane, aka yi asarar rayuka.

Ga manomi, abin ya zo da fuska biyu. An rushe hukumomin ciniki na amfanin gona a 1986, waɗanda suka daɗe suna saye auduga da gyaɗa a farashin da suka ga dama, sai manomi ya sami 'yancin sayarwa ga wanda ya fi tayi. Amma kuma ya rasa tabbacin mai saye, ingancin irin auduga ya lalace. Hana shigo da shinkafa da masara a 1985, da alkama a 1987, ya ɗaga darajar abin da muke nomawa, ko da yake wannan shawarar gwamnatinmu ce, ba ta masu ba da rance ba, domin su buɗe iyaka suke so. Batun taki kuwa, tun a 1983 Bankin Duniya ya ba da rancen Dala miliyan 250 na sayen takin zamani bisa sharaɗin a riƙa rage rangwamen da gwamnati take yi a kansa. An yi ta ja-in-ja har 1997, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye rangwamen gaba ɗaya, amfani da taki ya faɗi warwas, sai a 1999 aka maido da rangwamen kashi 25 cikin ɗari. Gaskiya ne cewa takin rangwame yakan ɓace tsakanin 'yan siyasa da 'yan kasuwa kafin ya iso ƙauye. Amma maganin ɓarawo ai kama shi ne, ba ƙone rumbu ba.

Wannan tarihi ya maimaita kansa a idonmu. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, a watan Yuni kuma aka saki Naira. Litar da take ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024, Dala kuma ta tashi daga wajen Naira 460 ta wuce Naira 1,500. A watan Yuni na 2024 Bankin Duniya ya amince da rancen Dala biliyan 2.25 domin mara wa waɗannan gyare-gyare baya. Injin da rancen 1982 ya koya mana amfani da shi, fetur yake sha. Mai noman rani ya fi kowa sanin abin da wannan lissafi yake nufi.

Da aka yafe bashi

A ƙarshen shekarun 1990 ikkilisiyoyi da ƙungiyoyi a ƙasashe da dama suka tashi da kiran a yafe wa matalautan ƙasashe bashi, suka sa wa yunƙurin suna Jubili 2000, bisa shekarar 'yantarwa da ke cikin Littafin Firistoci sura 25. A watan Mayu na 1998 mutane wajen 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye wurin taron shugabannin manyan ƙasashe a birnin Bamingam na Ingila. Nijeriya ba ta shiga jerin ƙasashen da aka fara yafe wa ba, domin ana ganin tana da man fetur. Sai a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar masu bin bashi ta Paris ta yafe Dala biliyan 18 daga cikin wajen biliyan 30, bisa sharaɗin Nijeriya ta biya sauran biliyan 12 da ɗoriya, ta kuma yarda IMF ya riƙa sa ido a kan tattalin arzikinta. An gama biya a watan Afrilu na 2006.

An yi alkawarin cewa kuɗin da aka huta biya, wajen Dala biliyan ɗaya kowace shekara, za su tafi ga lafiya da ilimi da ruwan sha. Daga nan ne aka sami ɗakunan shan magani da azuzuwa da famfuna masu ɗauke da tambarin muradun ƙarni da muke gani a garuruwanmu. Wannan sharaɗi ne mai kyau. Abin takaici shi ne, da yawa an yi ginin ba a tanadi ma'aikaci ko magani ba, kuma bashin da aka sauke ya sake taruwa har ya wuce na da.

Sharaɗin da ya tsaya wa talaka

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa kowane sharaɗi mugu ne. Akwai waɗanda suka tilasta wa masu mulkinmu yin abin da tuni ya kamata su yi don kansu.

Na farko, shirin ilimin 'ya'ya mata kashi na uku, wanda Ingila ta ba da kuɗinsa, Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya gudanar daga 2012 zuwa 2022. A Jihar Sakkwato an zaɓi ƙananan hukumomi shida, wato Binji da Boɗinga da Goronyo da Gudu da Kebbe da Wurno. Daga 2014 zuwa 2016 an riƙa ba iyaye mata Naira 5,000 kan kowace yarinya duk bayan wata uku, domin a rage talla a ƙara zuwa makaranta, da fahimtar cewa jiha za ta karɓi nauyin daga baya.

Na biyu, yarjejeniyar allurar riga-kafi da Jihar Sakkwato ta ƙulla da gidauniyar Bill da Melinda Gates da ta Alhaji Aliko Ɗangote, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, wanda shi ne ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015. Tsarin shi ne a zuba kuɗi a asusu ɗaya, kason masu bayarwa yana raguwa kowace shekara, na jiha yana ƙaruwa, har jiha ta ɗauki nauyin duka. Wannan irin taimako kamar yaye ne, tun ranar farko an san ranar da za a cire yaro daga nono.

Na uku, shirin Bankin Duniya na 2018 mai suna SFTAS, wanda ya ce ba za a ba jiha ko kwabo ba sai ta wallafa kasafin kuɗinta a kan lokaci, ta fitar da rahoton mai binciken kuɗi, sannan a biya ta gwargwadon abin da ta cika, kamar tattara kuɗinta a asusu ɗaya da tantance ma'aikata domin kawar da na bogi. A rabon da aka yi a ƙarshen 2020, Jihar Sakkwato ce ta fi kowace jiha samu, da fiye da Naira biliyan 6. Abin tambaya a nan shi ne, don me sai baƙo ya yi mana alkawarin tukwici kafin a nuna mana lissafin kuɗinmu?

Ranar da aka rufe famfo

Shekaru da yawa Sakkwato da Bauchi su ne jihohin da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta fi mai da hankali a kansu. Ta shirinta na lafiya na 2009 zuwa 2015 aka fara raba wa masu haihuwa a gida maganin shafa wa cibiyar jariri da ƙwayar tsayar da zubar jini, kuma Sakkwato ce jihar da ta fara yin haka gadan-gadan a 2013. Ta shirinta na ilimi aka buga littattafan Mu Karanta na koyon karatu da Hausa a azuzuwan farko na firamare. Gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro da kayan gwajinsa su ma da yawa da kuɗin Amurka suke zuwa.

Ran 20 ga Janairu, 2025, ranar da ya koma mulki, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da taimakon waje na kwana 90. A watan Maris Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan USAID, ran 1 ga Yuli kuma hukumar ta daina aiki. Ingila, wadda ta rage taimakonta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na arzikinta a 2021, ta ba da sanarwa a watan Fabrairu na 2025 cewa za ta sake rage shi zuwa 0.3 domin ta ƙara wa sojojinta kuɗi. Babu wanda ya ce mun karya wani sharaɗi. Mai abu ne kawai ya ce ya fasa.

Majalisar Tarayya ta ƙara Dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 domin toshe giɓin, amma taimakon Amurka ga Nijeriya a 2023 kaɗai ya kai wajen Dala biliyan ɗaya. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, ta kuma ambaci yanke taimako cikin dalilan da suka tsananta lamarin. Katsina ba ta da nisa da mu, kuma yunwar da take can ita ce take nan. Sai mu tuna cewa tun a watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin Tarayya ta shafe shekaru tana ware abin da bai kai rabin haka ba. Alkawarin da muka yi wa baƙi mun cika, wanda muka yi wa kanmu shi ne muka karya.

Sabuwar yarjejeniya da abin da ya shafe mu

A watan Disamba na 2025 Amurka da Nijeriya suka sa hannu a kan sabuwar yarjejeniyar lafiya ta shekara biyar. Amurka ta ce za ta ba da kusan Dala biliyan 2.1, Nijeriya kuma za ta ƙara kusan biliyan 3 daga aljihunta. A ciki an ware wajen Dala miliyan 200 domin asibitoci da ɗakunan shan magani fiye da 900 na ikkilisiyoyi. Gwamnatin Amurka ta danganta yarjejeniyar da batun kare rayukan Kirista, ta kuma ce tana da ikon dakatar da ita duk lokacin da ta ga ba ta dace da muradunta ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a daren Kirsimati, Amurka ta kai hari ta sama a kan 'yan ta'adda a Jihar Sakkwato, Gwamnatin Tarayya kuma ta tabbatar da cewa ɓaraguzan makaman sun faɗa a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, inda mutane suka kwana cikin firgita.

A nan ya kamata mu yi magana a fili, domin da sunanmu aka yi wannan sharaɗi. Asibitocin ikkilisiya suna bukatar taimako, kuma sun cancanta. Amma mu da muke 'yan tsiraru a wannan yanki, rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, kasuwa ɗaya muke ci, kuma 'yan bindigar da suka addabi dazuzzukan iyakar Zamfara da Kebbi ba sa tambayar addinin manomi kafin su kwashe shanunsa. Idan maƙwabci ya fara ganin cewa maganin da ke hannunmu ladan wata ƙasa ne ga ɓangare ɗaya, to, abin da za mu rasa ya fi abin da za mu samu. Asibitin kutare na Amanawa da mishan na SIM suka buɗe kusa da Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930, yawancin waɗanda ya yi wa magani Musulmi ne, abin da ya sa aka girmama shi ke nan. Duk wani ɗakin magani namu da wannan kuɗi ya iso gare shi, to, ƙofarsa ta zauna a buɗe ga kowa, lissafinsa kuma a manna shi a bango kowa ya gani. Kuma kada a ɗauki ma'aikaci ko a fara aikin da ba za a iya riƙewa ba ranar da mai bayarwa ya sake cewa ya fasa.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu ce a ƙi taimako ba. Wanda ɗansa yake kwance ba ya tambayar ƙasar da allura ta fito. Abin da muke cewa shi ne a karɓa da ido a buɗe. Duk ranar da baƙi suka zo da farar mota suka tara mu a ƙofar hakimi ko a makaranta, akwai tambayoyi biyar da ya kamata dattawa da mata da matasa su yi cikin ladabi. Wannan kuɗi kyauta ne ko rance? Me aka ce mu kawo, me aka ce jiha da ƙaramar hukuma su kawo, kuma sun kawo? Shekara nawa aikin zai yi? Idan famfon ya lalace, wa zai gyara, kuma ana samun kayan gyaransa a Tambuwal ko Jega, ko kuwa sai an aika Legas? Ranar da kuka tafi, wa zai biya albashin wanda kuka ɗauka?

Sannan mu juya ga namu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Waɗannan ba kyautar kowa ba ce, haƙƙinmu ne. Amma haƙƙin da ba a tambaya ba yakan kwana a aljihun wani. Mu shiga kwamitin kula da makaranta, mu shiga kwamitin ɗakin shan magani na mazaɓa, mu je tare da maƙwabtanmu mu tambayi kansila nawa ya shigo, ina kuma ya tafi. Ƙungiyoyin mata da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da kwabo ya ɓace ba, ba za su kasa tara kuɗin gyaran famfon unguwa ba.

Iyayenmu sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Shekara hamsin muna sara da gatarin aro, ya kuwa sare mana itace mai yawa, amma a 2025 mun ga yadda mai gatari yake zuwa ya karɓi abinsa ana tsakiyar aiki. Allah ya ba shugabanninmu hikimar karanta takarda kafin su sa hannu, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu abin da suka sa wa hannu da sunanmu. Amin.